Ƙatuwar Katantanwar Paris da Shekaru 185 na Neman Danginta

Masu fasa dutse a ramukan da ke ƙarƙashin birnin Paris da kewayensa sun saba raɗa wa kowace shimfiɗa ta dutse suna, domin su bambanta wadda za ta ɗauki nauyin gini da wadda za ta marmashe idan ta sha ruwa da sanyi. Cikin waɗannan shimfiɗu akwai wadda suke kira banc à vérins, wato shimfiɗar jak, saboda wasu dogayen duwatsu masu murɗi da ake tararwa a cikinta, masu kama da ƙarfen nan mai zare da ake ɗaga kaya masu nauyi da shi. Asalinsu laka ce da ta cika cikin koɗin wata katantanwar teku, ta daskare ta zama dutse, daga baya ruwan da ke ratsa ƙasa ya narkar da koɗin ya bar zubinsa. Katantanwar ta rayu kimanin shekara miliyan 45 da suka wuce, a cikin wani teku mai ɗumi, marar zurfi, wanda ya rufe wurin da Paris take a yau. Irin farin dutsen da ya kwanta a ƙasan wannan teku da shi aka soma gina majami'ar Notre-Dame a 1163, da shi kuma aka gina mafi yawan tsohon birnin.

Sunanta a littattafan masana Campanile giganteum (Lamarck, 1804). Baka biyun nan da aka kewaye sunan Lamarck da ita tana da ma'ana a ƙa'idar raɗa wa dabbobi suna: tana nuna cewa mutumin da ya fara bayyana halittar ya ajiye ta a wani gida, na bayansa suka ɗauke ta suka kai ta wani. Daga ranar da aka raɗa mata suna zuwa ranar da aka ware mata babban danginta na kanta, shekara 185 aka yi. A tsakanin haka koɗinta, da na maƙwabtanta a wannan dutse, sun shiga cikin muhawara kan ko halitta tana iya ƙarewa ƙaf daga doron ƙasa, sun kuma zama ma'aunin da aka fara yanka dogon zamanin duniya da shi.

Siffar koɗin

Abu na farko da ke ɗaukar ido shi ne girma. Yawancin cikakkun koɗunan suna kai tsawon santimita 40 zuwa 60, wato kamu guda ko fiye, wasu ma sun zarce haka. Wannan ya sa ake lissafa ta cikin mafi girman katantanwa da aka taɓa sani. A tekunan yau 'yan kaɗan ne ke gogayya da ita, irin su Syrinx aruanus ta arewacin Ostareliya, wadda mafi girmanta ke iya haura santimita 70.

Koɗin dogo ne mai tsini, ya faro da siriri daga sama yana buɗewa a hankali har zuwa baki, da zagaye fiye da 20 ɗaya bisa ɗaya. In an riƙe shi tsinin yana sama, bakin yana fuskantar mai kallo, bakin kan faɗo a hannun dama, kamar yadda yake a mafi yawan katantanwa. Inda zagaye ya haɗu da na samansa akwai layi kamar ɗinki, a ƙarƙashin wannan ɗinki kuma akwai jerin manyan ƙulle-ƙulle da suka kewaye koɗin kamar tsakiya a wuya. Zagayen farko-farko, na lokacin ƙuruciya, adonsu dabam ne: siraran zarurruka ne masu ƙananan ƙwayoyi, waɗanda ke dushewa yayin da dabbar ke girma, ƙulle-ƙullen kuma suna ƙara kauri. Saboda haka mai riƙe da guntun tsini da mai riƙe da guntun gindi suna iya zaton halitta biyu ce a hannunsu.

Bakin yana ƙarewa da wani gajeren indararo mai ɗan murɗewa, ta inda dabbar ke zuƙo ruwa zuwa gaɓar numfashinta. A tsakiyar koɗin kuwa akwai ginshiƙin da dukan zagayen suka naɗu a kansa, kuma a jikin ginshiƙin akwai tudu biyu da suka bi shi suna murɗawa daga sama har ƙasa. Su ne ke barin kwari a jikin lakar da ta cika koɗin, su ne kuma suka ƙara wa duwatsun masu fasa dutse kama da zaren ƙarfe.

Katantanwa ba ta sake koɗi kamar yadda maciji ke saɓa. Wata fata mai laushi da ke lulluɓe jikinta ita ke fitar da sinadarin alli tana ƙarawa a leɓen bakin, kaɗan-kaɗan, tun daga ƙyanƙyasa har mutuwa. Ke nan tsini shi ne jariri, baki shi ne tsufa, abin da ke tsakani kuma tarihin rayuwarta ne a jere. Irin allin da take ginawa da shi, wanda ake kira aragonait, yana saurin narkewa, shi ya sa a cikin dutsen Paris zubi kawai ya rage. A gabas kuwa, a yankin Champagne, wajen ƙauyukan Damery da Fleury-la-Rivière, koɗunan sun kwanta cikin yashi mai laushi, suka tsira kusan yadda suke. A Fleury-la-Rivière wani manomin inabi ya haƙa dogayen ramuka a ƙarƙashin gonarsa, inda baƙi ke ganin su jere a jikin bango a wurin da teku ya bar su.

Me ya kawo koɗin teku tsakiyar tudu?

Tambayar ta girmi Lamarck da ƙarnuka. Al-Biruni, a littafinsa Tahdid Nihayat al-Amakin wanda ya kammala a 1025, ya yi hujja da koɗuna da ake samu idan ana haƙa rijiya a hamadar Larabawa cewa wurin ya taɓa zama teku. A Faransa, wani maginin tukwane mai suna Bernard Palissy ya wallafa a 1580 cewa koɗunan da ake gani cikin duwatsu na halittu ne da suka rayu a nan inda ake samun su. Duk da haka, har a tsakiyar ƙarni na 18, marubuci irin Voltaire yana cewa mai yiwuwa masu ziyarar ibada ne suka yar da koɗunan da ake gani a kan tsaunuka a hanyarsu ta komawa gida.

Zuwa ƙarshen wannan ƙarni, masana sun yarda cewa teku ya taɓa rufe ƙasashen da suke zaune. Abin da ya rage ya fi wuya. Da yawa daga cikin koɗunan ba su yi daidai da kowace halitta da masunta ke kamawa a tekunan Turai ba. Ina masu su suka tafi?

Lamarck da Cuvier

A 1793, cikin guguwar juyin juya halin Faransa, aka mai da lambun sarki da ke Paris gidan tarihin halittu na ƙasa, aka raba kujerun koyarwa. Jean-Baptiste Lamarck, wanda ya yi suna a ilimin tsirrai kuma yana dab da shekara 50, ya sami kujerar ƙwari da tsutsotsi, wadda ba kowa ke marmarinta ba. A ƙarƙashin wannan laƙabi aka jibge duk dabbar da ba ta da ƙashin baya, har da katantanwa. Lamarck ya rungumi aikin. Daga 1802 zuwa 1806 ya yi ta wallafa bayanin koɗunan dā na kewayen Paris a mujallar gidan, yana dogara ƙwarai da tarin da Jacques Defrance ya haƙo a Grignon, yamma da birnin, wanda ya kai nau'i wajen 500. A cikin wannan aiki ne, a 1804, ya bayyana ƙatuwar katantanwar, ya kira ta Cerithium giganteum.

Hukuncin nasa yana da madogara. Tun 1758 Linnaeus ya kafa al'adar ba kowace dabba suna biyu, na jinsi da na nau'i, kamar sunan gida da sunan yanka. Jinsin Cerithium, wanda Bruguière ya kafa a 1789, ya ƙunshi ƙananan katantanwa masu dogon tsini, da ƙulle-ƙulle, da gajeren indararo a baki, waɗanda har yau suke cike a gaɓar Bahar Rum. Wanda ba shi da komai a gabansa sai koɗi, zai ce wannan babbar yayarsu ce kawai.

A wannan gida kuwa akwai Georges Cuvier, wanda ya fi Lamarck ƙuruciya da kaifin harshe. A 1796 Cuvier ya kwatanta ƙasusuwan giwayen Afirka da na Indiya da na wata giwa mai gashi da ake tonowa a Saiberiya, ya nuna cewa nau'i uku ne, kuma na ukun babu shi a raye. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin giwa ba ta ɓuya. Ya tafi a kan cewa duniya ta sha manyan masifu da suka share halittu, kuma nau'i ba ya sauyawa: yana nan yadda yake har ranar da zai ƙare.

Lamarck bai yarda halitta na ƙarewa haka kawai ba, in ba wadda mutum ya hallaka da hannunsa ba. Yana da amsa biyu. Ta farko, teku yana da faɗi da zurfi, kuma ba a bincike shi ba. Abin da aka rasa a gaɓar Faransa yana iya kasancewa a raye a wani ruwa mai nisa. Ta biyu, wadda ya shimfiɗa sosai a littafinsa Philosophie zoologique na 1809, ita ce halittun dā ba su mutu ba, zuriyarsu ce ta sauya kama a hankali bisa sauyin muhalli har aka daina gane ta. Amsar farko ta sami goyon baya a daidai lokacin: ayarin jiragen ruwa na Nicolas Baudin ya dawo daga Ostareliya da ɓawon wata halitta mai murfi biyu ta jinsin Trigonia, wanda a dā ba a san shi ba sai a cikin tsofaffin duwatsu. Lamarck ya bayyana ta a 1804, shekarar da ya raɗa wa ƙatuwar katantanwa suna.

Lamarck ya rasu a 1829, makaho, cikin talauci, ra'ayinsa kuma ba shi da kasuwa a Paris. Shekara biyar bayan haka, a 1834, likitocin jirgin ruwa biyu, Quoy da Gaimard, waɗanda suka yi tafiyar jirgin Astrolabe, suka bayyana wata babbar katantanwa mai farin koɗi daga kudu maso yammacin Ostareliya. Ita ce, kamar yadda aka tabbatar daga baya, kaɗai ta rage a raye daga zuriyar ƙatuwar ta Paris. Haka tarihi ya raba gardamar: nau'in giganteum ya ƙare ƙaf, kamar yadda Cuvier zai ce, amma danginsa na ɓoye a wani teku mai nisa, kamar yadda Lamarck ya yi tsammani.

Koɗi ya zama ma'aunin zamani

Wanda ya gaji aikin Lamarck a kan koɗunan Paris shi ne Gérard-Paul Deshayes. Ya kwatanta dubban koɗunan dā da na halittun da ke raye, ya lura cewa kowace shimfiɗa tana da nata kaso na nau'o'in da har yanzu ake samu a teku. Wani ɗan Birtaniya, Charles Lyell, yana bin irin wannan tunani, sai suka haɗa hannu. A juzu'i na uku na littafinsa Principles of Geology, a 1833, Lyell ya buga jadawalin Deshayes ya kuma yanka zamanin bisa gare shi. Shimfiɗun da kusan kashi uku da rabi cikin ɗari kawai na koɗunansu ke da masu rai, irin na Paris da Landan, ya kira zamaninsu Iyosin, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin alfijir da sabo, wato alfijir na halittun yau. Masu kusan kashi 18 ya kira su Mayosin, masu fiye da kashi ɗaya bisa uku kuma Filayosin.

Dabarar ba ta buƙatar sanin adadin shekaru. Tana faɗin wanda ya riga wani ne kawai, ko da duwatsun biyu suna ƙasashe dabam-dabam. Masanan baya sun sake duba koɗunan Iyosin da Deshayes ya ɗauka daidai suke da na yau, suka ga yawancinsu kama ce kawai, kuma a yanzu da sinadarai masu narkewa a kan ƙayyadadden lokaci ake auna shekarun dutse. Sunayen Lyell dai sun zauna. A 1883 Albert de Lapparent ya ware tsakiyar Iyosin ya ba shi sunan Lutesiyan, daga Lutetia, sunan Paris a zamanin Rumawa. A lissafin yau wannan yanki ya faro kimanin shekara miliyan 48 da suka wuce, ya ƙare wajen miliyan 41.

Kama da wane ba ta wane

Jinsin Cerithium ya yi ta cika har ya zama rumbun da ake zuba duk katantanwa mai dogon tsini. A 1884, a cikin babban littafin Paul Fischer kan koɗuna, Émile Bayle ya fitar da ƙattin ya ba su sunan Campanile, kalmar Italiyanci mai nufin hasumiyar ƙararrawa ta coci. Daga nan sunan Lamarck ya shiga baka biyu. A 1904 Henri Douvillé ya ɗaga su zuwa dangi mai zaman kansa, Campanilidae. A 1917 Tom Iredale ya sake wa mai rai ta Ostareliya suna, domin an riga an yi amfani da wanda Quoy da Gaimard suka ba ta, ya kira ta Campanile symbolicum. Duk da haka, an ci gaba da ajiye dangin a inuwar Cerithium, a matsayin 'yan uwa na kusa.

Matsalar ita ce dogon koɗi mai tsini siffa ce da katantanwa marasa dangantaka suka yi ta maimaitawa, domin ta dace da mai jan jiki a kan yashi da laka. Koɗi yana faɗin yadda dabba ta rayu fiye da yadda yake faɗin wanda ya haife ta. Naman jiki ne ke riƙe da sauran shaidar, nama kuwa ba ya zama dutse. Da a ce zuriyar ta ƙare gaba ɗaya, da wataƙila har yau ana ɗaukar ta ƙatuwar Cerithium.

Nan ne amfanin 'yar autar Ostareliya ya fito. Tana zaune a ruwa marar zurfi, a kan yashi tsakanin duwatsu da ciyawar teku, tsawonta kuma kan haura santimita 20. Richard Houbrick, na cibiyar Smithsonian da ke Washington, ya feɗe ta ya wallafa abin da ya gani a 1981. Gaɓar da take sansana ruwa da ita gajeriya ce, mai faɗi, mai haƙora gefe biyu kamar gashin tsuntsu, alhali ta Cerithium doguwa ce siririya. Fatar da ke rufe koɗinta ta waje, wadda a sauran katantanwa mai laushi ce, a gare ta ta zama alli mai ƙananan ramuka. Ƙwayayenta tana zuba su ne cikin wani babban curi mai kama da kitse, a sarƙe da juna da siririn zare. Masu nazarin ƙwayoyin haihuwarta da madubin ƙara girma su ma suka ga sun sha bamban. A 1989 Houbrick ya fitar da ita daga babban dangin Cerithium gaba ɗaya, ya ware mata nata, Campaniloidea, kuma nazarin ƙwayoyin gado da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan rabuwa.

Abin da ya biyo baya ya ƙara nuna iyakar shaidar koɗi. Akwai wani dangi na katantanwa masu kumburarren koɗi kamar ƙwallo, Ampullinidae, waɗanda su ma suka cika duwatsun Paris, kuma aka daɗe ana haɗa su da wasu mafarautan katantanwa saboda kama. Su ma saura nau'i ɗaya a raye, Cernina fluctuata, a tekun Filifin. Da aka feɗe ta, sai aka mai da dangin cikin Campaniloidea. Mai kama da ƙwallo ya zama ɗan uwan hasumiya, mai kama da hasumiya kuma ya zama bare.

Matsayinta a yau, daga sama zuwa ƙasa, shi ne: rukunin halittu masu laushin jiki, Mollusca, ajin masu tafiya da ciki, Gastropoda, reshen Caenogastropoda, babban dangin Campaniloidea, dangin Campanilidae, jinsin Campanile, nau'in giganteum.

Daga Paris zuwa Tamaske

Ma'aunin da aka ƙera da koɗunan Paris ya iso ƙasar Hausa tare da sojojin mulkin mallaka. A 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Lapparent, wanda ya raɗa sunan Lutesiyan, ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris wasu burbushin halittun teku da wani hafsan Faransa, Kyaftin Gaden, ya tsinto a Tamaske, a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta yau. Ya kwatanta su da na gida, ya ce tekun Lutesiyan ya kai tsakiyar Afirka. A 1904 F. A. Bather, na gidan tarihin halittu da ke Landan, ya bayyana burbushin bushiyar teku da jami'an shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa suka kwaso daga wannan yanki, shi ma ya danganta su da Iyosin.

Sun yi daidai a babban batu: wani hannun teku ya ratso Sahara daga arewa ya kwanta a kan Adar da ƙasar Sakkwato. A kan shekaru kuwa, kama ta sake yaudara. Binciken da aka yi daga baya, musamman da ƙananan halittun da sai da madubi ake ganin ɓawonsu, ya mai da wannan farin dutse zamanin Faliyosin, wanda ya ƙare kimanin shekara miliyan 56 da suka wuce. Ke nan tekun Adar ya girmi na Paris da miliyoyin shekaru. Dutsen da ya bari shi ne masana ke kira shimfiɗar Kalambaina, kuma shi ake ƙonawa a yi siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Malbaza a Nijar. A cikinsa akwai zubin katantanwa, da na masu murfi biyu, da bushiyar teku, waɗanda suka samu ta hanyar da duwatsun jak na Paris suka samu.

Irin wannan shaida ba ta da madadi idan ta salwanta. Tarin Defrance, wanda Lamarck ya dogara da shi, an ajiye shi a birnin Caen, ya kuma hallaka a ruwan bama-baman 1944. Abin da ya ceci aikin shi ne an riga an bayyana koɗunan an zana su, kuma ramin Grignon yana nan, inda zuwa yau aka ƙirga nau'in masu koɗi fiye da 800.

Abin da koɗin ya rubuta, da yadda zuriyar ta ƙare

Tun da koɗi yana girma ne daga leɓe, kowane layi nasa yana ɗauke da alamar ruwan da aka gina shi a ciki. A 1947 Harold Urey ya nuna cewa rabon nau'o'in iskar oksijin biyu, mai nauyi da marar nauyi, a cikin alli yana sauyawa bisa zafin ruwa. Wanda ya bi murɗin koɗi yana ɗiban gari kaɗan-kaɗan yana aunawa, zai ga zafi da sanyi suna hawa da sauka, shekara bayan shekara.

A 2020 wasu masana ƙarƙashin jagorancin Niels de Winter suka wallafa irin wannan awo a kan Campanile giganteum. Sun sami cewa dabbar na iya ƙara fiye da santimita 60 a shekara in an bi murɗin koɗin, saurin da ya sa ake iya karanta sauyin yanayi a cikinsa daki-daki. Zafin ruwan da ta rayu a ciki yana kaiwa da komowa tsakanin digiri 21 da 32 a ma'aunin Salshiyos. Ruwan da ke tsakanin Faransa da Ingila a yau da wuya ya kai digiri 20 ko a tsakiyar bazararsu. A wancan zamani iskar kabon da ke riƙe zafi ta fi ta yau yawa ƙwarai, kuma babu manyan tsaunukan ƙanƙara a ƙarshen duniya. Shi ya sa masu hasashen yanayin gobe suke gwada lissafinsu da Iyosin: lissafin da ya kasa fitar da zafin da koɗin ya rubuta, akwai dalilin yin shakka a kan abin da yake faɗa game da ƙarni mai zuwa.

Jinsin Campanile ya bayyana tun ƙarshen zamanin manyan dabbobin nan da ake kira dainoso, ya tsallake masifar da ta share su shekara miliyan 66 da suka wuce, ya kuma kai ganiyarsa a Iyosin. A lokacin akwai wani babban teku mai ɗumi, Tetis, da ya raba Afirka da Turai da Asiya, kuma ana samun burbushin jinsin daga kudancin Ingila da Faransa da Italiya zuwa yankin Indiya, har da Jamaika da Kalifoniya a ɗaya ɓangaren. Daga nan duniya ta soma hucewa. Wajen shekara miliyan 34 da suka wuce ƙanƙara ta rufe Antatika, tekuna marasa zurfi suka janye daga kan Turai, kuma matsowar Afirka da Larabawa zuwa arewa ta yi ta matse Tetis har ta datse shi. Houbrick ya ƙara da wani dalili a matsayin hasashe: wani dangi na manyan katantanwa masu kiwon gansakuka, Strombidae, ya bunƙasa a daidai lokacin da Campanile ke ja da baya, mai yiwuwa kuma ya ƙwace masa makiyaya.

Zuriyar da ta taɓa bazuwa daga Kalifoniya zuwa Indiya ta koma nau'i ɗaya tak, a gaɓar ƙasa ɗaya, a kusurwar kudu maso yammacin Ostareliya. Duk abin da aka sani game da naman jikin ƙatuwar Paris, da yadda ta yi numfashi, da yadda mai yiwuwa ta zuba ƙwai, daga jikin wannan nau'i ɗaya aka karanto shi.